Arvid Carlsson da sinadarin dofamin: tambayoyi da amsoshi

Ina koyar da ilimin magunguna a Birnin Kebbi. Duk shekara idan muka iso darasin magungunan ƙwaƙwalwa, sunan mutum ɗaya ne ke ta dawowa bakina, wato Arvid Carlsson. Ɗalibai kan yi tambayoyi a aji, wasu su biyo ni har gindin dogon yaro inda nake ajiye babur, wasu kuma iyayensu ne ke aiko su da tambaya saboda akwai mara lafiya a gida. Waɗanda aka fi yi mini su na tattara a nan. Abin da na rubuta bai ɗauke wa kowa zuwa ganin likita ba.

Malam, wane ne wannan Carlsson ɗin?

Likita ne ɗan ƙasar Suwidin, masanin yadda magani ke aiki a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. An haife shi ranar 25 ga Janairu 1923 a birnin Uppsala, ya tashi a Lund inda mahaifinsa yake farfesan tarihi. Gidansu na masu karatun tarihi da adabi ne, shi kuwa ya ɓalle ya shiga karatun likita a Jami'ar Lund a 1941. Ya sami digirin digirgir a 1951, ya zama farfesa a Jami'ar Gotenbag a 1959, ya riƙe kujerar shekara 30. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Paul Greengard da Eric Kandel na Amurka. Ya rasu ranar 29 ga Yuni 2018 yana da shekara 95.

Shi ne ya nuna cewa sinadarin dofamin ɗan aike ne mai zaman kansa a cikin ƙwaƙwalwa, kuma motsin jiki ya dogara da shi. Maganin cutar Parkinson, mai kawo rawar hannu da nauyin motsi, daga aikinsa ya tsiro. Bayanin yadda magungunan taɓin hankali ke aiki, shi ya fara kawo shi. Magungunan ciwon damuwa na zamani ma da hannunsa a ciki.

Me ake nufi da ɗan aike a ƙwaƙwalwa?

Ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai 'yar tazara wadda ido ba ya gani. Saƙo yana gudu a jikin ƙwaya kamar wutar lantarki, amma idan ya kai gaɓa sai ya tsaya, kamar matafiyin da ya iso bakin kogi a Yawuri. Dole a sami mai fito. Sai ƙwayar ta fesa wani sinadari, ya haye tazarar, ya sauka a wata makarɓa da ke jikin ƙwaya ta gaba. Wannan sinadarin shi nake kira ɗan aike. Suna da yawa: dofamin, sirotonin, noradiranalin da sauransu. Mafi yawan magungunan ƙwaƙwalwa a bakin wannan mashigin suke aiki. Wani ya ƙara 'yan aiken, wani ya toshe makarɓar, wani ya hana a kwashe ɗan aiken bayan ya isar da saƙo.

Tun farko ƙwaƙwalwa yake bincike?

A'a. Digirinsa a kan kalsiyam ya yi shi, yadda hanji ke tsotsarsa da yadda ƙashi ke ajiye shi. Da ya nemi ƙarin girma a jami'a, kwamitin da ya duba takardunsa ya nuna masa cewa kalsiyam ba ya cikin manyan batutuwan ilimin magunguna, aka ba wani kujerar. Nakan daɗe a kan wannan gaɓa idan ina magana da ɗaliban da suka faɗi wata jarrabawa, domin wannan rashin ne ya sa ya nemi sabon fage.

A 1955 ya tafi Amurka, ɗakin binciken Bernard Brodie a Bethesda, ya yi wata biyar. Faɗuwa ta zo daidai da zama. A lokacin mutanen Brodie sun sami wata sabuwar na'ura mai auna sinadari komai ƙanƙantarsa ta hanyar hasken da yake fitarwa, kuma sun gano cewa wani magani mai suna risafin yana kwashe sirotonin daga ƙwaƙwalwar dabba. Shi risafin daga saiwar wani tsiro na Indiya aka tace shi a 1952, ana ba masu hawan jini da masu taɓin hankali. Brodie ya tsaya a kan cewa sirotonin ne sirrin komai. Carlsson ya ba da shawarar a duba dangin adiranalin su ma, wato noradiranalin da 'yan uwansa, maigidan bai ga amfanin hakan ba. Da ya koma Lund sai ya nemi irin na'urar, ya haɗa kai da wani gwanin nazarin tsokar jiki mai suna Nils-Åke Hillarp, suka duba da kansu. Suka tarar risafin yana kwashe dangin adiranalin ɗin ƙarƙaf.

Ana yawan maganar zomayensa. Me ya faru da su?

Wannan shi ne gwajin da nake so kowane ɗalibina ya iya ba da labarinsa ba tare da duba takarda ba.

Idan aka yi wa zomo allurar risafin, sai ya lafke a ƙasa, kunnuwa su langaɓe, idanu su lumshe. Ba barci yake ba, ba kuma shanyewa ya yi ba, amma ba ya iya fara motsi. Tambayar ita ce, cikin abubuwan da maganin ya kwashe, rashin wanne ne ya kwantar da shi? Carlsson ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da su ɗaya bayan ɗaya a gani. Shi da abokan aikinsa Margit Lindqvist da Tor Magnusson suka ba wasu dabbobin sinadarin da jiki ke sarrafawa ya zama sirotonin. Shiru, ba su motsa ba. Suka ba wasu sinadarin dofa, wanda jiki ke sarrafawa ya zama dangin adiranalin. Cikin kamar minti 15 zomayen suka miƙe, kunnuwa tsaye, suna zagaya keji kamar babu abin da ya taɓa samunsu. Hoton zomayen nan, kafin allura da bayanta, har yau yana cikin littattafan da muke koyarwa da su. An buga sakamakon a mujallar Nature a 1957, kuma duka rubutun bai wuce shafi ɗaya ba.

Inda nake ganin girman mutumin shi ne abin da ya biyo baya. Shi kansa noradiranalin yake zato. Jiki yana juya dofa ya zama dofamin, sannan ya juya dofamin ya zama noradiranalin, kuma masana a wancan lokaci sun ɗauki dofamin a matsayin zango kawai, inda ake yada zango a wuce. Da wani ne, da ya ga zomaye sun tashi sai ya rubuta cewa zatonsa ya tabbata, ya wuce wurin. Shi kuwa ya koma ya auna ƙwaƙwalwar dabbobin da suka farfaɗo, ya tarar noradiranalin ɗin bai dawo ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. To me ya tashe su? Babu hanyar auna dofamin mai kyau a lokacin, sai suka zauna suka ƙirƙiro ta. Da suka auna, ga dofamin nan a ƙwaƙwalwar lafiyayyar dabba da yawa, risafin yana share shi, dofa yana dawo da shi, kuma dawowarsa ce ke tafiya tare da tashin dabbar. Wannan ya fito a mujallar Science a 1958.

Ɗalibansa biyu, Åke Bertler da Evald Rosengren, suka bi sawu suka gano cewa mafi yawan dofamin ɗin a wuri guda yake taruwa, a wani curin ƙwayoyi da ke can cikin ƙwaƙwalwa wanda aka riga aka san yana da hannu a sarrafa motsi. Likitoci kuma sun daɗe da lura cewa mutanen da ke shan risafin kan yi sanƙarar jiki da rawar hannu irin na masu cutar Parkinson. Carlsson ya haɗa waɗannan, ya tsaya gaban taron masana a Bethesda a watan Oktoba 1958 ya ce ƙarancin dofamin ne ke kawo alamomin cutar.

Me ya hana a ba da dofamin ɗin kai tsaye?

Ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, ba kowane sinadari ke wucewa ba. Dofamin ba ya wucewa. Dofa yana wucewa, domin akwai ƙofar da aka tanadar wa irinsa, idan ya shiga kuma ƙwayoyin jijiya su juya shi da kansu. Shi ya sa har gobe abin da ake ba mara lafiya lebodofa ne, wato nau'in dofa da jiki ke iya sarrafawa.

Da ya faɗi haka, sauran masana sun karɓa?

Ba su karɓa ba. A 1960 aka yi wani taro a Landan, manyan fannin duk suna wurin, Sir Henry Dale ne shugaba, mutumin da ya ci Nobel tun 1936 a kan saƙon sinadari a jijiyoyin jiki. Akwai John Gaddum, akwai Marthe Vogt. Yawancinsu sun yarda da saƙon sinadari a jijiyoyin da ke wajen ƙwaƙwalwa, amma a cikinta sun fi karkata ga cewa lantarki ne. Dale ma kallon guba ya yi wa dofa. Carlsson yana da shekara 37, ya koma gida bai sami goyon baya ba.

Bai ɓata lokaci a cacar baki ba. Ya ja Hillarp zuwa Gotenbag, suka duƙufa neman hanyar da za a ga sinadaran nan da ido. A 1962 Hillarp da Bengt Falck suka kammala wata dabara da ke sa dofamin da 'yan uwansa su yi ƙyalli a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ga su a cikin ƙwayoyin jijiya, a daidai gaɓar da saƙo ke hayewa. Wasu matasa biyu, Annica Dahlström da Kjell Fuxe, suka zana taswirar hanyoyinsu a 1964. Gani ya kori ji. Da aka sake taro a Stockholm a 1965, maganar ta zama abin da kowa ya yarda da shi. Hillarp kuwa a shekarar nan ya rasu, bai kai shekara 50 ba.

Ke nan shi kaɗai ya samo maganin cutar Parkinson?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Carlsson a kan dabbobi ya yi aikinsa. Kathleen Montagu a Ingila ta ba da rahoton alamar dofamin a ƙwaƙwalwa tun 1957. Wanda ya auna ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da cutar, ya tabbatar dofamin ɗinsu ya ƙare, shi ne Oleh Hornykiewicz a Biyena ta ƙasar Ostiriya, tare da Herbert Ehringer, a 1960. A 1961 shi da likita Walther Birkmayer suka yi wa marasa lafiya allurar lebodofa, mutanen da suka daɗe a kwance suka tashi suka taka, amma na 'yan sa'o'i. George Cotzias a Amurka ne ya gano a 1967 cewa idan aka fara da kaɗan ta baki ana ƙarawa sannu a hankali har ya kai mai yawa, amfanin yana ɗorewa.

Da aka sanar da Nobel ta 2000 babu sunan Hornykiewicz, masana sama da 250 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna nuna rashin jin daɗinsu. Ƙa'idar kyautar ba ta wuce mutum uku. A ganina suna da gaskiya, ya cancanta. Wannan bai rage wa Carlsson komai ba, amma ba na son ɗalibina ya ambaci ɗaya ya manta ɗayan.

Malam, kai ka taɓa ganin aikin maganin nan da idonka?

Na gani a gidanmu. Baffana, ƙanen mahaifina, masunci ne a ƙasar Argungu, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne da ke saƙa koma yana hira, ko kallon hannunsa ba ya yi. Abin ya fara da hannun dama. Idan yana zaune sai babban yatsa da manuni su riƙa murzar juna, har baƙo ya ɗauka carbi yake ja. Daga baya takunsa ya gajarce, ya riƙa jan ƙafa, ya ranƙwafa. Fuskarsa ta daina nuna komai, har iyalinsa suka zaci fushi yake da su. Tashi daga tabarma ya zama aiki, sai an kama shi. A masallaci idan ya yi sujada, liman ya kai ga sallama shi bai gama ɗagowa ba.

Aka ce sammu ne, saboda wata tsohuwar rigima a kan wurin su. Wasu suka ce iskar ruwa ce. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an sayar da tumaki biyu. Ni a lokacin ina ɗalibi, ina jin nauyin in yi magana gaban manya. Da na samu na keɓe da shi na ce, "Baffa, ku yi haƙuri ku bar ni in kai ku asibiti, ko sau ɗaya ne." Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗaga kai.

Likita ya sa shi ya yi tafiya a baranda, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu, ya sa shi ya buɗe tafi ya rufe da sauri. Ya rubuta lebodofa haɗe da kabidofa. Kwanakin farko tashin zuciya ya dame shi. Wata safiya cikin mako na biyu, bayan ya sha ƙwayar da kamar rabin sa'a, ina tsakar gida sai na ga ya dafa ƙasa ya miƙe shi kaɗai, ya ɗauki buta ya nufi bayan ɗaki. Innarmu ta saki muciya. Da ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, mi kab ba ni haka?" Na kasa ba shi amsa, hawaye ne suka zo mini. Zomayen da na karanta a littafi su na tuna.

Duk mai rawar hannu cutar Parkinson gare shi?

A'a. Rawar Parkinson ta fi fitowa idan hannu yana hutawa, takan lafa idan mutum ya miƙa shi zai ɗauki abu, kuma yawanci a gefe ɗaya take farawa. Akwai wata rawar da ke bin gida, ita kuma sai an ɗauki kofi ko ludayi take tashi. Ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu yana kawo rawa, wasu magunguna ma haka. Babbar alamar Parkinson ita ce nauyin motsi: jinkiri, sanƙara, gajeren taku, rubutu ya ƙanƙance, murya ta yi ƙasa. Wasu tun shekaru kafin nan suke fama da taurin bayan gida ko su daina jin ƙanshi. Ta bambanta da shanyewar ɓarin jiki, wadda ke faɗo wa mutum farat ɗaya. Wannan a hankali take shigowa, domin ƙwayoyin da ke yin dofamin ɗaya bayan ɗaya suke mutuwa, kuma kafin alamu su bayyana an riga an rasa kaso mai yawa. Likitan Landan James Parkinson ne ya fara siffanta ta a 1817.

Maganin yana warkarwa gaba ɗaya? Yaya batun abinci da azumi?

Ba ya warkarwa. Yana cike gurbin abin da ya ragu ne, ƙwayoyin kuwa suna ci gaba da raguwa. Bayan wasu shekaru ƙarfin ƙwaya ɗaya yakan daina kaiwa lokacin ta gaba, wasu kuma jikinsu ya riƙa murɗawa da kansa idan maganin ya hau. Likita na iya gyara awo da lokutan sha. Kabidofa da ake haɗawa da shi, kamar a Sinemet, aikinsa ya hana jiki juya lebodofa tun bai kai ƙwaƙwalwa ba, wanda ke rage amai.

Nama, kifi, wake da nono suna gasa da maganin a ƙofar shiga, a hanji da kuma a shingen ƙwaƙwalwa. Baffa idan ya sha shi a kan fura da nono ko romon kifi, sai ya ce yau ƙwayar ba ta kama ba. Da aka mayar da ita kamar rabin sa'a kafin abinci sai abin ya daidaita. Azumi kuma, tun da maganin ba ya daɗewa a jini, a zauna da likita tun watan Sha'aban, a kuma tambayi malamai hukuncin mara lafiya. Kada a yanke shi rana ɗaya, yin haka yana da haɗari sosai.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne samunsa. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma sau da yawa sai mun aika Sakkwato ko Kano. Akwai watan da wani mai kemis ya ba yaron da muka aika wata ƙwaya dabam ya ce duk ɗaya ne, Baffa ya kwana huɗu a kwance kafin mu gane.

Yayana yana karɓar maganin taɓin hankali, sai jikinsa ya sanƙare yana dalalar da miyau. Asiri aka yi masa?

Ba asiri ba ne, kuma Carlsson ne ya fara bayyana dalilin. An fara ba masu taɓin hankali Largactil a Faris a 1952, halofaridol kuma aka haɗa shi a Beljiyam a 1958. Suna aiki, amma ba wanda ya san ta yaya. A 1963 Carlsson da Margit Lindqvist suka ba ɓeraye magungunan nan biyu suka auna. Dofamin bai ragu ba, amma burbushin da yake bari bayan an yi amfani da shi ya ƙaru. Daga wannan 'yar alama ya yi hasashen cewa maganin toshe makarɓar yake yi, ƙwayar da ke aiko saƙo kuma da ta ji shiru sai ta ƙara yawan 'yan aike. A lokacin ba wanda ya taɓa ware makarɓar dofamin. Sai a tsakiyar shekarun 1970 Philip Seeman a Kanada da Solomon Snyder a Amurka suka tabbatar da maganarsa.

To maganin da ya toshe dofamin a inda yake haddasa jin muryoyi da mugun zargi, yana toshe shi a inda yake tafiyar da motsi. Shi ya sa yayanka ya yi kama da mai Parkinson. Ku mayar da shi wurin likitansa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware idan can ake ganinsa. Ana rage awo, ko a sauya magani, ko a ƙara wani mai sassauta jiki. Kada ku dakatar da kanku, ciwon zai dawo. Wasu magungunan hana amai irin su Maxolon su ma sukan murɗe wa yaro wuya ko su juya masa idanu sama, uwa ta ɗauka aljanu ne.

Wani abin baƙin ciki, ƙwayar da ake bayarwa don sassauta wannan sanƙarar, Artane ko Exol, ita ce samarinmu suka mayar abin maye.

An ce yana da hannu a maganin ciwon damuwa?

Ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1960 ya nuna cewa wasu tsofaffin magungunan damuwa suna hana ƙwayar jijiya sake tsotse sirotonin bayan ta fesa shi. Sai ya ce a nemi maganin da zai yi wannan aikin kaɗai. Shi da masanin haɗa sinadarai Hans Corrodi da kamfanin Astra suka fara daga wani maganin mura da ƙaiƙayi, suka fitar da zimelidin. Ya shiga kasuwa a 1982 da sunan Zelmid, shi ne na farko a irinsa. A 1983 aka janye shi, saboda wasu ƙalilan daga masu sha sun kamu da wata cutar jijiyoyi mai kawo shanyewa. Prozac, wanda ya bi wannan hanyar, ya sami izini a Amurka a ƙarshen 1987, ya yi sunan da duniya ta sani.

A waya ana cewa dofamin sinadarin jin daɗi ne. Haka ne?

An taƙaita abin har ya ɓaci. Dofamin ya fi kusa da abin da ke sa ka tashi ka nema, da abin da ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa wannan abu a sake shi. Hanyoyinsa kuma dabam-dabam ne: ta motsi, ta kwaɗayi da himma, har da wadda ke hana nono zuba ga wadda ba ta shayarwa. Kusan duk kayan maye suna tunzura hanyar kwaɗayin nan. Hodar iblis tana hana a kwashe dofamin, kodin da tiramol suna cire masa birki. Da tafiya ta yi nisa sai ƙwaƙwalwa ta rage makarɓunta, yaro ya daina jin daɗin abinci da hira, ba ya kuma iya aiki sai ya haɗiya. Ina ganin masu aikin fadama da 'yan kabu-kabu da suka fara da niyyar kashe gajiya. Tiramol yana kuma taɓa sirotonin da noradiranalin, kuma idan ya yi yawa yana kawo farfaɗiya. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma wanda ya riga ya kamu magani da kulawa yake bukata, ɗaure shi da mari ba ya gyara makarɓa.

Gaskiya ne akwai lebodofa a itatuwanmu?

Gaskiya ne. Karara, wannan mai kwanso mai gashi da ke sa ƙaiƙayi, 'ya'yanta suna ɗauke da lebodofa mai yawa, kuma masu maganin gargajiya a Indiya sun daɗe suna amfani da ita. Shi kansa risafin, ɗan uwan tsiron da aka tace shi daga ciki yana fitowa a kudancin ƙasar nan, Yarbawa na kiransa asofeyeje, masu maganinsu na ba mahaukata. Ban taɓa raina ilimin masu saiwa ba. Matsalar awo ce. Ƙarfin 'ya'yan karara ya danganta da iri da ƙasa da yadda aka sarrafa su, cokali ɗaya yau ba lallai ya yi daidai da na gobe ba, kuma idan ya yi yawa yana kawo amai da ruɗewa. Kada kowa ya daka ya ba tsohonsa.

Bayan waɗannan, me ya bari a fagen ilimi?

Ya bar hanyar aiki: ka ba dabba magani, ka kalli halinta, ka auna sinadarin ƙwaƙwalwarta, ka gwama biyun. Ɗaliban da suka fito daga hannunsa da na Hillarp sun riƙe kujerun farfesa a Suwidin da wajenta. Shi ya raɗa wa makarɓar da ƙwaya ke jin saƙon kanta da ita suna a 1975, wadda ke gaya mata ta rage fesawa. Ya karɓi kyautar Wolf a 1979 da ta Japan a 1994. Bayan ya yi ritaya a 1989 bai zauna ba, shi da 'yarsa Maria Carlsson suka ci gaba da neman magungunan da za su daidaita dofamin, su rage shi inda ya yi yawa su ɗaga shi inda ya yi ƙasa. Yana wannan aikin har ya haura shekara 90.

Malam, ɗan Kebbi zai iya irin wannan binciken, ko sai a Turai?

Zai iya. Na'urar da Carlsson ya yi aiki da ita a 1957, ta ɗakunan binciken jami'o'inmu na yau ta fi ta, idan an samu wuta da mai kula da ita. 'Yan ƙasar nan kuma sun riga sun buɗe hanya. Benjamin Osuntokun na Ibadan ya danganta wata cutar jijiyoyi da gubar rogon da ba a jiƙa sosai ba. A 2023 aka buga wani bincike da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa, wanda ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar Parkinson ga mutanen da asalinsu Afirka ne, abin da binciken Turawa zalla bai taɓa gani ba.

Tambayoyin ma a ƙofar gidanmu suke. Bincike a wasu ƙasashe ya danganta maganin kashe ciyawa na farakwat da ƙarin haɗarin cutar Parkinson. Ka je fadamun shinkafa na Argungu, Suru ko Bunza lokacin feshi, ka ga yaro da tanki a baya, babu takalmi babu abin rufe hanci, ruwan maganin yana bin gadon bayansa. Wa zai bi waɗannan manoma shekara da shekaru ya rubuta abin da ya same su? Wa zai tattaro karara daga Zuru da Yawuri da Kamba ya auna lebodofar kowacce? Mai son wannan fage ya riƙe ilimin sinadarai da lissafi tun daga sakandare, ya nemi karatun haɗa magunguna ko likita ko ilimin aikin jiki, a Sakkwato ko Zariya ko nan gida, sannan ya nemi malamin da ke da ɗakin bincike mai aiki ya manne masa, ko da wankin kwalabe zai fara. Ɗaliba ɗaya cikin 'yan ajina na bana ta riga ta kawo mini 'ya'yan karara cikin ƙullin leda daga garinsu, kakarta ce ta ɓare mata su da toka a hannu saboda ƙaiƙayin. Suna cikin durowata, mun rubuta wa wani sashe a Sakkwato muna neman a ba mu lokaci a kan na'urarsu.